Zazzaɓin Jar Motar Malam

Ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye takardar ta jira ni.

Maigidana, Malam, direba ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa manya a wata ma'aikata a unguwar Filato, a hankali, ba ya ko girgiza musu hula. Da ya ajiye aiki sai ga shi ya shigo gida da wata ƴar mota ja mai ƙofa biyu, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani Bature ne ya bar ta da zai koma garinsu. Kukanta ya fi jikinta. In Malam ya taka ta, kaji har na maƙwabta sai sun watse.

Da la'asar yakan ɗauke ni mu bi ta unguwar Gaweye mu haye gada. Har yanzu in na rufe ido ina ganin kogin a ƙarƙashinmu, ruwan ya yi launin zuma, jiragen masunta tsaye kamar an manta da su. Iska na fizgar mayafina, shi kuma yana dariya da haƙoransa na goro. Ni tsoro nake ji, amma ban taɓa cewa ya maida ni gida ba.

Sai motar ta kamu da zazzaɓi. Haka muke kiran abin. Akwai wata ƴar allura a gaban direba, sai ka ga tana hawa tana hawa har ta kai ja, tururi ya fara fita ta hancin motar. Kuma ba kullum ba. Ta yi wata guda lafiya, rana ɗaya ta tsaya mana tsakiyar kasuwar Wadata, masu baro da masu taksi na ta zaginmu. In an fita bayan gari ana gudu, ko kusa ba ta yi. Da damina ma ba ta taɓa yi ba.

Malam ya canja tiyo, ya canja murfin radiyata, wato tukunyar da ke riƙe mata ruwa, ya canja famfon ruwan. Ya yi ta kai ta garajin amininsa, wani makanike Bazabarme da suka yi ƙuruciya tare. Shi Malam Bagobiri ne, abokin wasan Zabarmawa, saboda haka rabin aikin, tsiya ce suke yi wa juna. Sau nawa amininsa ya bar ta a kunne tun hantsi har azahar, allurar ba ta motsa ba. Yakan ce, "Motarka lafiyarta lau, Bagobiri. Kanka ne ke zafi."

Malam yana da wata ɗabi'a. Ba ya kai motarsa gaban mutane da datti, ko da garaji ne. Kafin ya fita sai ya wanke ta ciki da waje, ya buɗe kapo, wato murfin gaba, ya kwarara wa injin ruwa. Yakan ce ko majinyaci ba a kai shi likita sai an yi masa wanka.

Shekara shida yana fama. Daga baya ya daina fita da ni, don kada ta kunyata shi a gabana. Yakan zauna kan kujera kusa da ita, ya dafa ta, ya ce, "Direban shekara talatin, ƴar mota ta gagare ni." A haka Allah ya karɓi abinsa.

Duk tsawon takabata tana nan ƙarƙashin dogon yaro, ba wanda ya taɓa ta. Ganye ya rufe ta. Nakan yi mafarkinta tana tafiya a kan kogi, ba gada, ba kowa a ciki, tana tururi a hankali kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Da na fita takaba babban ɗana ya zauna gabana ya ce, "Inna, motar nan ba mai saye, kowa ya san ciwonta. Na yi magana da masu kwance motoci, za su zo su ɗauke ta." Wato su farke ta, ƙofa nan, fitila can. Na ce ya ba ni kwana bakwai, na aika a kira aminin ubansa.

Tsohon ya zo da safe da batir a bayan babur. Ya durƙusa daga nesa.

"Hajiya, ina haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Bagobirin nan ya gudu ya bar ni da aikinsa. Da ma haka suke." Ya faɗa yana dariya, idonsa na zubar da ruwa.

Ɗana ya ɗauko bokiti zai wanke motar, yadda ya ga ubansa na yi. Tsohon ya ce, "Bar ta, ɗana. Gwiwata ba ta son laka, kuma kwanciya zan yi a ƙasan nan."

Ya sa batir, ya ƙara mata ruwa, ya tada ta. Muka tsaya muna kallo. Can sai allurar ta fara hawa. Tsohon ya leƙa cikin injin.

"To, yau ga ki. Shekara shida kina ɓoye mini." Ya nuna wa ɗana. "Dubi fankar da ke hura wa radiyata iska. Ya kamata a ce tana juyawa yanzu. In ana gudu iskar hanya ta ishe ta. A cunkoso kuwa, in fanka ta ƙi, sai tafasa."

Ya kashe ta, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙasa yana bin wayar fankar da yatsa. Sai na ji ya ce, "Ikon Allah." Ya nemi wuƙa. Ya fito da wani ɗan baƙin abu a tafin hannunsa, baƙin mai ya cinye shi har ya yi kama da roba.

Tun kafin ya goge na gane ta. Laya ce, kuma ni na ɗaura ta.

Shekarar da motar ta zo, gudun Malam ya hana ni sukuni. Na je wurin wani malami na karɓo layar tsari, baduku ya ɗinke ta ya sa mata igiyar ɗanyar fata. Na san Malam ba zai yarda ba. Wata Juma'a ya bar kapo a buɗe ya tafi masallaci, na zura hannu can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, na ɗaure ta a jikin wasu wayoyi, na haɗa da wani ƙarfe don kada ta faɗi. Daga nan na manta da ita, sai dai in ji hankalina a kwance in ya fita.

Na faɗa musu. Tsohon ya zauna a ƙasa yana jujjuya igiyar.

"Hajiya, ɗanyar fata in ta bushe sai ta tsuke. Tana tsukewa sai ta janye kan wayar daga mazauninsa, fanka ta mutu. In ta jiƙa ta saki, waya ta koma. Shi kuwa duk ranar da zai kawo mini ita sai ya yi mata wanka." Ya girgiza kai. "Tsabtar Bagobiri ce ta makantar da ni."

Na ja mayafi na rufe fuska. Malam ya tafi yana ganin shi ne ya kasa, alhali hannuna ne. Da ya sani da ya yi mini faɗa kwana ɗaya, ya yi shekara yana ba mutane labari yana dariya. Wannan faɗan da ban samu ba shi nake kuka har yau.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Tsohon ya goge kan wayar, ya danna shi har ya yi ƙas, ya ɗaure. Ya ce sai an gwada ta a inda take yi. Ɗana ya tuƙa, ina gefensa, tsohon na bin mu a babur. Muka shiga Wadata da tsakar rana, muka maƙale bayan wata motar albasa. Ba na kallon komai sai allurar. Ta hau kaɗan, sai na ji wani ɗan huci daga gaba, ta sauko. Sau uku muka zagaya kasuwar.

Da muka dawo gida ɗana ya kashe ta. Ya fita ya kira masu kwance motocin ya ce kada su zo. Na ji yana tambayar tsohon wane irin mai take sha.

Ni ban sauka ba. Injin ya mutu, amma fankar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, na zauna ina saurarenta har ta tsaya.