Takardar da na ɗinke cikin fata

Mun tashi daga Ƙanƙara da asuba, ni da ƙanwata da wani mai jaki da ya yarda ya ɗaukar mana kaya har Faskari. Ba ziyara ta fitar da ni ba. Saƙo ne ya zo daga Sabuwa cewa Baturen gandun daji ya sauka a bariki, mutanensa na kafa duwatsu suna shafa masu farar ƙasa, duk abin da ya faɗa ciki ya zama na hukuma. Ni kuwa ina da ɗorawa bakwai a can, gadon uwata. Gonar tuni ta bar hannunmu, amma itatuwan nawa ne, kowa ya sani, duk bazara ana kaɗe su a aiko mani da kalwa. Aka ce kwana shida suka rage Baturen ya tashi.

A Yankara muka tarar kasuwa na ci. Fura kwabo ɗaya ta ishe mu mu uku, sai dai nonon tsararo ne, shanu ba su ga ɗanyen haki ba tukuna. Ban ji daɗinta ba ma, don hankalina na kan wanda zan roƙa. Ba a tunkarar babban mutum sai da wanda zai gabatar da kai, kuma wannan babban da Turanci ake gabatar da mutum gare shi. Mai Turancin da na sani ɗaya ne tak: malamin elemantare na Faskari, ɗan maƙwabciyata. Ranar da aka ɗauke shi boko, ni ce na tsaya tsakar gida na ce wa uwarsa ta yi haƙuri, ɗanta ya ɓace.

Na same shi ƙofar gida yana wanke alli daga hannu.

"A'a, Gwaggo! Ke da kika ce ba ki taka gidan ɗan boko?"

"Ƙafata ta taka, ba ni ba. Gama dariyarka, sannan in faɗi abin da ya kawo ni."

Ya gama kuwa, bai rage komai ba. Na ajiye goro, na roƙe shi ya raka ni ya yi mani baki. Ya ce ba ya iya barin aji, amma ya san Baturen, tare suka dasa dalbejiya a makaranta, zai ba ni takarda. Na gyara zama na fara jero masa asalina, daga kakata har mijina marigayi. Kafin in kai rabi ya ɗaga alƙalami. Layi biyar, ƙanwata ta ƙirga.

"Duk abin da na faɗa nan ya shige?"

"Gwaggo, Bature ba ya son doguwar gaisuwa. Kada dai ruwa ya taɓa ta, kuma hannunsa za ki sa wa, ba na kowa ba."

Da na fito sai na ga hadari ya haɗo daga gabas. To, ni tun da nake, rubutun da ake tsoron ruwa ya taɓa, wuri ɗaya ake kai shi. Na nufi rumfar baduku. Ya ninke ta ƙanana, ya naɗe da zare, ya ɗinke cikin jar fata tsaf, na ba shi taro, kwabo uku ke nan, na rataya a wuya. Ƙanwata ta ce, "Yaya, anya kuwa?" Na ce mata rubutu ne ko ba rubutu ba?

Washegari muka bi ta Daudawa. Gonakin auduga an tuge an ƙone, sai toka da kunyoyi miƙe kamar an ja su da igiya. Nan muka samu lori mai komawa da buhuna wayam, direban ya ce sule ɗaya mu biyu. Ban taɓa hawa ba. Duk ramin da ta faɗa sai in dafe wuya, ba don tsoron mutuwa ba, don kada igiyar ta tsinke. Inda hanyar mota ta rabu da tamu muka sauka, muka shiga daji da ƙafa. Itatuwan can ba irin namu ba ne, dogaye, kana tafiya ba ka ganin rana sosai. Ruwa ya kama mu sau biyu. Wasu Maguzawa suka ba mu masauki, matar gidan ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka, ta shanya mana zannuwa bakin murhu. Na shafa fatar na ji ta yi laushi kamar ganye. Ban gaya wa kowa ba.

Mun shiga Sabuwa ana saura kwana ɗaya. A bariki masinja ya tare mu, wani dogo mai jar ɗamara.

"Iya, ina takardar?"

Na ciro daga wuya. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya riƙe ciki don dariya.

"Laya za ki ba Bature? Mi ya yi maki?"

"Hannunsa aka ce. Kai dai kira shi."

Hayaniyarmu ta fito da shi, wani ja mai gajeren wando, gwiwoyi duk cizon ƙudan tsando. Ya karɓa ya jujjuya, masinja ya yi masa bayani, ya sa aka kawo wuƙa. Da aka warware, takardar ta rine ja, basilla ta huda ta jere-jere, tsakiyarta kuwa tawada ta narke ta zama tabo ɗaya. Ya ɗaga ta sama wajen rana ya daɗe. Ni ina durƙushe ina kallonsa.

Can ya yi magana, masinja ya juya mani: ya gane hannun Malam, ya ga an ce ke uwa ce ga Malam, a saurare ki. Amma abin da kike nema ruwa ya cinye. Sai ki faɗa da bakinki.

Sai na faɗa. Na ce gona daban, itace daban, haka muka gada. Na kira su ɗaya-ɗaya: mai kogo, mai reshe a ƙasa, tagwayen bakin rafi, biyun gefen hanya, da babbar da uwata ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta ranar kaɗa. Masinja har gumi yake wajen juyawa. Baturen ya sa malafa ya ce mu je.

Shida ya sa aka matsar da duwatsu aka fitar mani. Babbar tana can ciki sosai. Ya girgiza kai, ya ce wannan ta wuce ikonsa. Na roƙa, ya sake girgizawa.

A rana ta goma muka shigo Ƙanƙara, ƙafafu a kumbure. Abin da na koyo, ku riƙe: in za ku roƙi wani ya gabatar da ku, ku roƙa da wuri, kuma ku tambayi yadda ake riƙon abin da ya ba ku, kada ku ce kun sani. Mutane na ta yi mani barka da shida, ina amsawa. Amma ban san abin da Malam ya rubuta a layukan nan da suka narke ba, ban kuma san ko da sun isa lafiya da yanzu bakwai nake da su ba. Na kasa aika masa in tambaya.