Hotunan da Suka Ƙi Buɗewa a Lazaret

Duk wanda ya yi aure ko suna a Lazaret, in dai ba a ɓoye ya yi ba, to Mijinyawa mai hoto ya taɓa daka masa tsawa ya ɗaga haɓa. Mutumin Ƙonni ne. Ya shigo Yamai yana saurayi a saman motar albasa da niyyar koyon tuƙi, sai Allah ya haɗa shi da wani mai hoto a Kalley da ke neman mai riƙe masa fitila. Tuƙin da bai koya ba ke nan har yau. Daga baya ya buɗe nasa shago a bayan kasuwar Lazaret, ya rataya labule mai zanen bene da jirgin sama. Rabin mutanen unguwar sun tsaya gaban jirgin nan suna taƙama, alhali ko Dosso wasunsu ba su taɓa zuwa ba.

Yana da faɗa, wannan kowa ya shaida. Ango ya murtuke fuska, sai ya ce masa, "Dole aka yi maka? Yi dariya, malam, kai ka biya sadaki!" Amma abin da aka fi saninsa da shi rubutu ne. Ba ya sakin hoto sai ya juya bayansa ya rubuta sunan kowa da ke ciki, da sana'arsa, da unguwarsu, har da ɗan maƙwabta da ya leƙo ta gefe ba a gayyace shi ba. Cewa yake yi hoton da ba suna maraya ne.

Da zamani ya juya, wayoyi suka cinye masa kasuwa, sai ya sayi tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da na'urar kwafar hoto, ya zauna yana zuba tsofaffin hotunansa ciki ɗaya bayan ɗaya. Tunda hoton cikin ordinater ba shi da baya, sai ya mayar da rubutun kan sunan fayil. Wasu sunayen sun fi addu'ar liman tsawo. Ya so ya riƙa raba rana da wata da karkataccen layi kamar yadda aka koya masa a lakwal, makarantar boko, ordinater ta ce ba ta san zancen ba. Ya yini yana zaginta, sannan ya haƙura ya koma waƙafi.

Akwai kuma abin da yake yi shi kaɗai, bai taɓa zama ya yi wa kowa bayani ba. In aka yi rasuwa, ya je jana'iza ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya buɗe ordinater ya nemo duk hoton da mamacin yake ciki, ya sa alamar # a gaban sunansa, yana yi yana cewa Allah ya jiƙan rai. Waɗanda suka rasu tun kafin ya sayi ordinater ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu. Alamar da ake kira diyez ke nan, wadda kowa ke dannawa a ƙarshe in zai sa kuɗi a waya. A ganinsa ita ce mai rufe magana, don haka ta dace da wanda kwanansa ya ƙare.

Ɗiyarsa ɗaya ce, Halimatou. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa Inna yake ce mata, kuma ita kaɗai ce ke katse shi yana faɗa ya yi shiru. Aikinta gina wa ƴan kasuwa shafukan intanet. Ita ta gaji da ganin mutane suna kiran ubanta daga Lome da Abidjan da Kano suna roƙon hoton iyayensu, shi kuwa idonsa ya fara raguwa, neman hoto ɗaya ya zame masa aikin yini. Ta kwashe hotunan duka ta yi masa shafi: ka rubuta suna, jerin hotuna ya fito, ka taɓa wanda kake so ya buɗe. Ta gwada da bukukuwan bana, komai lafiya lau. Ta yi masa sallama ta tafi aiki Damagaram.

Mijinyawa ya yi kwana biyu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Har ɗinki ya bayar. Sai kira ya fara shigowa.

Wadda ta fi tsaya masa a rai Zalika ce, da ke aure a Abidjan. Ubanta Isaka mai lambu ne a Goudel, ya rasu tana goye. Ta ga sunansa a shafin, ta tara yaranta su ga kakansu, ta taɓa, sai fari fat da rubutu wai ba a sami hoton ba. Ta kira tana kuka. Bayanta wasu suka biyo, maganar duk ɗaya ce, wani hoto ya buɗe, wani ya ƙi.

Nassirou tela, maƙwabcin shagonsa kuma abokin fadarsu ta shayi, shi ya gano bakin zaren, ko kuwa ya ɗauka ya gano. Ya karɓi waya yana dannawa, mutanen fada sun kewaye shi.

"Alhaji wane, shina da rai? Ga shi ya buɗe. Hajiya wance fa? Ta rasu bara. Ta ƙi. To, ku ba ni wani mamacin."

Aka ba shi, ya ƙi. Aka ba shi mai rai, ya buɗe yana washe baki. Nassirou ya ajiye wayar a hankali kamar mai zafi.

"Mijinyawa, ruwa ba ya tsami banza. Bayin Allah sun kwanta, kai ka ɗauke su ka kai intanet, wurin da ake rawa da zage-zage. Ga shi sun nuna maka ba su so."

Fada ta ɗauki salati. Wani ya ce dama shi tun farko jikinsa bai ba shi ba, alhali shi ne ya fara tura wa surukansa hoton aurensa. Mijinyawa ya ce zancen banza ne, ya zazzage su tas, ya tashi ya bar shayinsa. Amma maganar ta shige shi. Mutanen nan shi ya tsayar da su, shi ya gyara musu hula, ya raka da yawansu makwanci. Tunanin cewa ya ci amanarsu ya hana shi sakat. Ya yanke shawara Halimatou na dawowa za ta rufe shafin, Zalika da ire-irenta su yi haƙuri.

Ta dawo da rana tsaka, ko gida ba ta je ba ta biyo shago da jakarta. Ya karanta mata hukuncinsa yana kallon bango. Nassirou ya baro kekensa ya tsaya bakin ƙofa, awo a wuya, don kada a yi ba shi.

"Baba, mamata ba su da reso balle su shiga intanet," in ji ta. "Ba ni waya."

"Inna, kar ki yi wasa da abin da ya fi ƙarfinki."

Ta gwada biyu, suka ƙi kamar yadda aka faɗa. Sai ta rubuta Mariyam, sunan mahaifiyarta, wadda ta rasu tun Halimatou tana jami'a. Ta taɓa. Nan take hoton ya cika fuskar wayar: Mariyam gaban labulen jirgi, ta riƙe ƙugu, tana dariyar wani abu da mai hoton ya faɗa.

"To, Baba Nassirou, ita Mama ba ta cikin bayin Allahn da suka kwanta?"

Nassirou ya gyara awon da ke wuyansa. Ya ce wataƙila ita mai haƙuri ce.

Halimatou ta zauna gaban ordinater ta jera sunayen fayil ɗin da suka ƙi a gefe ɗaya, waɗanda suka buɗe a gefe ɗaya. Ba ta daɗe ba ta dafe kai.

"Baba, wannan diyez ɗin ta mece ce? Ni na ɗauka lamba kake nufi."

Ya faɗa mata. Ita ce rana ta farko da ya faɗa wa wani.

Ta ce laifin nata ne. Ta ɗauki sunan fayil yadda yake ta liƙa a adireshin hoto, ba ta shirya shi don tafiya ba. A cikin adireshin intanet, diyez umarni ce: tana nufin adireshi ya ƙare nan, abin da ya biyo baya ba a aika shi. Hoton Isaka sunansa "Lambun Goudel, #Isaka mai salati da ƙannensa". Waya tana zuwa kan diyez sai ta tsaya, ta aika "Lambun Goudel," kawai, can kuma a duba a ce babu hoto mai wannan suna. Kamar ka aiki mutum gidan wane, ya ji rabin kwatance ya ruga. Filin da ke tsakanin kalmomi waya tana gyara shi da kanta, shi ya sa sauran suka wuce lafiya.

"Ashe ita ma rufe magana take yi," in ji Mijinyawa. Har ya ɗan ji daɗi, shi da masu intanet ra'ayinsu ya zo ɗaya.

"Hanya mafi sauri, in goge diyez ɗin duka yanzun nan."

"Ki goge mi?" Ya miƙe tsaye. "Kowace ɗaya da addu'a na sa ta. Gara ki rufe shafin."

"Zauna, Baba, tsokanarka nake."

Ta buɗe aikinta ta gyara wuri ɗaya. Yanzu kafin a saka suna cikin adireshi, za a canza duk alamar da ke da wani aiki zuwa lambarta: diyez ta zama %23, fili ya zama %20. In saƙo ya isa, a mayar da su yadda suke. Sunayen da ke cikin ordinater ɗinsa ba wanda zai taɓa su. Ta miƙa wa Nassirou waya ta ce ya kira mamacin da ya ga dama. Ya rubuta Isaka, sai ga mutum tsaye cikin ganyen salati, wando a naɗe, garma a kafaɗa. Nassirou ya ce dama shi ya san aikin na'ura ne, ya koma kan kekensa. Aka aika wa Zalika, ta sake kira tana kuka, wannan karon yara na ihu a bayanta wai kunnen autansu irin na kakansu ne.

Shago ya rage su biyu. Halimatou tana naɗe wayar caji. Mijinyawa ne ya ɗauko maganar da kansa.

"Na sha zama in sa wa mamarki diyez ɗin. Sai in ga kamar ni ne zan rufe ƙofar."

Ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya nemo hoton Mariyam. Ya daɗe yatsansa na kan maɓallin.

"Inna, kin tabbata in na sa za ta buɗe?"

"Za ta buɗe, Baba."

Ya danna, ya ce Allah ya jiƙan rai. Halimatou ta tura sabon sunan zuwa shafin, ta ba shi wayar. Ya taɓa da kansa, ya kai ta dab da idonsa. Mariyam tana nan riƙe da ƙugu, tana yi masa dariya.