Huffin Baba

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina yi wa ɓeraye rauni da gangan, kuma shi ne aikina. A sa wa ɓera maganin barci, a aske masa gadon baya, a yanke fata daidai faɗin ƙwandala, a shafa abin da muka haɗa. Duk bayan kwana uku sai in ɗora farar leda a kan mikin, in zana bakinsa da biro, in auna yadda ya tsuke. Abin da nake nema shi ne maganin da zai sa miki mai taurin kai, irin na masu ciwon suga, ya yi nama ya rufe. A jikin ɓera na sha yin nasara. A jikin mutum ko gwaji ban kai ga yi ba. In ba a ɗauke wuta firji ya narke da aikin wata shida ba, to sinadarin da muka yi oda ya iso a lalace, ko takardar neman izini ta yi ta barci a ofishin wani.

Mahaifina tela ne a Tudun Wada, keken ɗinki na ƙafa yake takawa tun kafin a haife ni. Ni ne ɗansa na fari, shi kuwa mutumin da ne mai tsananin alkunya. Bai taɓa kiran sunana ba. In na zo gaisuwa daga Romi, unguwar da nake zaune, ranar Juma'a, sai in durƙusa a bakin shago, ya amsa idonsa na kan allura. Saƙonsa ta bakin mahaifiyata, Inna, yake iso ni, nawa ma ta nan yake bi. Amma an ce a majalisa ba shi da hira sai ta "yaron nan" da ke koya wa nama tsirowa.

Na san yana da ciwon suga, ni nake kawo magani in ba Inna. Na kuma lura ya fara sa huffi, safar fatar nan, yana shafa a kanta in zai yi alwala maimakon ya wanke ƙafa. Makonni ina ganin haka da idona. Na ce a raina tsufa ne, ko wani wa'azi ya ji. Ni da nake nanata wa ɗalibai cewa ƙafar mai suga kullum a duba ta har tsakanin yatsu, na kasa buɗe baki in ce wa mahaifina ya cire in gani. Nauyinsa nake ji, ban san ta inda zan fara ba.

Wari ne ya tona asirin. Inna ta kira ni ta ce in zo, ta gaji da rufa-rufa. Ashe ƙarfen keken ne ya goge masa ƙarƙashin babban yatsa, bai ji ba, don ciwon ya kashe wurin. Da ya gani sai ya ɓoye. Ta yi ta fama ya je asibiti, ya ce a dakata, yaron nan ya kusa gama haɗa maganinsa, ba zai kai ƙafarsa wurin bare ba alhali ɗansa na kan aikin. Ta ce to a gaya mini mana. Ya hana, wai kada a ɗaga mini hankali in yi gaggawa in ɓata aiki.

Ranar na fara taɓa ƙafar mahaifina. Ya kau da kai yana kallon bango, na zare huffin. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburi ya wuce idon sawu. Ban nemi leda ko biro ba. A makon likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, amma haushin kaina ne har yau bai sake ni ba.

Bayan an sallame shi na je gaisuwa. Ya ce Inna ta ba mu wuri, abin da bai taɓa yi ba. Ya dube ni ido cikin ido.

"Dakta, aikin nan naku, kamar shekara nawa ya rage?"

"Wanne, Baba?"

Ya nuna dungulmin da haɓa. "Na tsirowar."

Na so in yi masa ƙarya, na kasa.

"Baba, ƙafa ba ta tsirowa. Ko a ɓera ba ta tsirowa. Miki kawai nake ƙoƙarin rufewa, shi ma ban gama ba."

Ya mayar da idonsa kan bango. Can ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a."

Da zan tafi Inna ta raka ni zaure, ta ce ya ce a gaya mini in nemi wanda za a ba keken, ya daina jira. Daga ranar saƙo ya koma bi ta bakinta, hirar yaron nan kuma ta mutu a majalisa.

Ranar Litinin na koma ɗakin gwaji, ranar awo ce. Na ɗauko ɓerayen ɗaya bayan ɗaya na duba bayansu. Duk sun warke sumul.