Hanyar da Baba Ya Bar wa Kwamfuta

Ranar wata Asabar ce da damina, ina aji biyar, Baba ya kira ni daga wasan langa ya zaunar da ni gaban babbar kwamfutar shagonmu na intanet a Sabon Tasha. Ƙafata duk taɓo, ina kumbure-kumbure, don saura kaɗan mu ci su.

Shagon nan shi ke ciyar da mu. Kullum da safe ni ke share shi, in goge ƙura, Mama ta tayar da janareto, sannan Baba ya kunna babbar. Fararen rubutu su yi ta gudu a baƙin allo, shi kuma yana faɗa mini wanda ya farka a cikinta: na farko mai gaisawa da wayar intanet, sai mai raba wa ƙananan kwamfutoci lamba, can ƙarshe firinta, malalaciya irina. Babbar takan tashi da komai, ban da hanyar intanet. Intanet ɗinmu daga wani shago a Barnawa yake zuwa, kuma sai Baba ya buga mata layi ɗaya da hannunsa, ya nuna mata ƙofar da saƙo zai bi. Da an ɗauke wuta ta manta. Yakan ce, "Wannan ta fi akuya mantuwa." Amma fa yana jin daɗin abin, har fito yake yi.

A shekarar ne hannunsa ya fara rawa. Za a kwantar da shi a asibiti, Mama kuwa tsoron allon nan take yi, in ba hanya kuma ba mai shigowa shago. Ran Asabar ɗin nan sai ya buɗe wurin da kwamfuta ke karantawa in tana tashi, yana faɗar lambobin layin nan, ni ina dannawa da yatsa ɗaya. Muka kashe, muka kunna. Ba wanda ya taɓa ta, shafi ya buɗe. Na yi tsalle ina ihu. Shi ko ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "To, Ladi, ta daina nemana."

Bai dawo daga asibiti ba. Shagon ya ci gaba da buɗewa har na gama sakandare.

Yau haɗa kwamfutoci da intanet ne aikina, injuna suna nemo hanyarsu da kansu kafin in ajiye jaka. Wallahi nakan yi kewar wadda take jira. Sai da na girma na gane ban kwana ya sa ni na buga masa.