Matar da ke Jikin Gwangwanin Shayi

Lokacin da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda, ina sayar da waina a unguwar Mansur ta Makka. Bango ɗaya ya raba gidanmu da na wani Ba'indiye mai shagon yadi. Matarsa ta girme ni, doguwa ce mai siririn hanci, idanunta kamar an ja su da alƙalami. Da guntun Larabcinmu muke hira muna tsintar shinkafa.

Ita ta gaya mini cewa tana budurwa ta yi waƙa a fadar wani sarki a ƙasarsu, har mai zanen fada ya zana ta da mayafi shara-shara, da fure a hannu. Zanen ya yi suna, ana ta kwafarsa. Mijin bai sani ba. A Makka ya aure ta, ya ɗauka matar wani malami ce da ya rasu.

Wata shekara gab da hajji, wani ɗan garinsu ya sauka gidan da tsarabar shayi, hoton yana jikin gwangwanin. Ya hango ta ta gefen labule, ya gane ta, ya faɗa wa maigidan.

Da hantsi na ji ihunta. Na bar waina a tanda na shiga. Na tarar mijin ya danne ta a tsakar gida yana buga mata gwangwanin a fuska, bakin ƙarfen ya tsaga kuncinta har ana ganin haƙora. Na riƙe hannunsa.

Ya ce, "Fita, ya Hajja. Iyalina ce."

Na ce, "Sai dai ka kashe mu tare."

Ya juyo ya naushe ni a baki, haƙorana biyu suka zube. Na laluba, hannuna ya faɗa kan sandar awon yadi, na sauke masa ita a gwiwar hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Ya durƙusa yana nishi, ni kuwa na ja ta zuwa ɗakina, jini na bin mu.

Wani wanzami ɗan Sakkwato ya ɗinke kuncin, tana matse da hannuna. Kafin la'asar mijin ya aiko da saki, ko mayafi bai bar mata ba.

A wurinmu ta zauna har ta rasu. Ta iya Hausa, ta koya mini sambusa, muka riƙa sayarwa tare. Kuncin ya warke a karkace, miya kan zubo mata ta gefen baki, shi ya sa in za ta ci abinci take juya mana baya.