Kawunan Masarar Baffa

Shekarar da na gama sakandare Baba ya karɓi noman iri daga wani kamfani. Ba masarar ci ba ce, iri ne da za su ɗura a leda su sayar wa manoma. Ni ce mai boko a gidan, don haka ni aka miƙa wa takardar sharuɗɗa, gonar kuma ta dawo wuyana, ko ina so ko ba na so.

Gonar tana hanyar Gazara. Layi huɗu mace, layi ɗaya namiji, duk farar masara. Da matan sun fara fitar da kai sai a bi su a zare kan tun bai buɗe ba. Namijin kaɗai ake bari ya zubo bununi, garin nan mai ruwan ɗorawa da iska ke kwasa ta kai wa gemun goyo. Sharaɗin ƙarshe kuwa, sau uku malamin gonan kamfanin ya nanata shi: kada wata masara ta kusanci gonar. In bununin wata ya shigo, iri ya gurɓace, ko tiya ɗaya ba za su ɗauka ba.

Gonar da ke jikin tamu ta yamma ta Baffa ce, wan Baba. Da rani ya ce waken suya zai sa. Da ruwa ya sauka sai ya shuka jar masara, mako ɗaya da tamu. Bai faɗi dalili ba. Ni dai na san kamfanin ƙanensa ya zaɓa, ba shi ba.

Malamin gona ya zo a babur, ya tsaya a kan iyaka, ya ɗebi busasshiyar ƙasa ya saki. Ta yi gonarmu. Ya ce wa Baba, "Malam, kwana goma ya rage su yi fure tare. A roƙe shi ya bari a zare kawunan tasa ta wannan gefen. Goyonsa ba zai ragu ba."

Sau uku Baba yana zuwa gidan Baffa. Ya gaida shi da iyali, da ruwa, da ciwon gwiwa, ya taso.

"Baba, ka faɗa masa?"

"Ai yana da ido, ya gani."

"To idon ne zai zare kawunan?"

"Ke! Yayana ne."

Ran na shida na yafa hijabi na tafi da kaina. Na tarar da Baffa a ƙofar zaurensa yana wasa lauje, dattawa biyu na zaune a tabarma. Na durƙusa na gaishe su, amma gaisuwar ban kai ta ƙarshe ba na zuba magana.

Baffa ya dubi abokansa. "Kun ji fa. Wato tawa ce 'yar iska, za ta tsallaka ta yi wa ta uban yarinyar nan ciki."

"Baffa, iskar ce dai za ta kai."

"Tunda nake ban taɓa jin an sa masara a kulle ba."

Suka yi ta dariya. Shi ya fara dainawa. Ya gwada bakin laujen da babban yatsa.

"Ki ce wa wanda ya aiko ki yana da baki. Kuma duk hannun da ya taɓa kan masarata, ya sani ba masara ya taɓa ba."

"Ba wanda ya aiko ni."

"To wannan ya fi muni."

Daga nan kullum da hantsi ina kan iyaka. Raɓa na bushewa bununi ke tashi. Matan gonarmu sun fito da gemu, fari sol, mai danƙo, suna jiran duk abin da iska ta kawo. Kawunan masarar Baffa kuma suna ta kumbura a sama da su. Wata safiya na duba kafaɗata ta yamma, na ga hijabina ya yi ɗorawa-ɗorawa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tsallaka na kama zara. Kowane kai sai ya yi ɗan ƙara in ya fito, kamar kukan ɓera. Kafin azahar na gama layi goma sha biyu, ganye ya tsattsage mini hannu.

Da la'asar muka tarar da dami a ƙofar gidanmu, an ɗaure shi tamau da igiyar rama. Baffa ya bi gonarsa ya tsince kawunan ɗaya bayan ɗaya. Ba saƙo, ba zagi. Baba ya dawo daga masallaci ya daɗe tsaye a kansa. Na so ya mare ni a wuce wurin. Sai kawai ya sunkuya ya ɗauki damin ya shiga da shi ɗakinsa. Tun daga ranar Baffa ya canza sahu a masallaci.

Da kaka malamin gona ya dawo. Ya karyo goyo daga layin iyaka ya ɓare. Fari ne, amma ga jar ƙwaya ɗaya a tsakiya, kamar haƙorin maci goro. Ya shiga ciki ya ɓare wani: uku. Ya kai har tsakiyar gona, yana ɓarewa yana yarwa, ni ina biye da shi.

"Yaushe kika zare?"

Na faɗa masa.

"Kin makara da kwana biyu."

Ya goge hannu a wando, ya ba Baba haƙuri, ya hau babur. Ko tiya ɗaya bai ɗauka ba.

Irin da aka yi wa wannan tsaro, tuwo muka yi da shi. Ran da aka fara tuƙawa Inna ta zuba malmala uku a kwano, ta aika gidan Baffa kamar yadda ake yi duk sabon hatsi tun kafin a haife ni. Kwanon ya dawo da zafinsa, ko murfin ba a ɗaga ba.