Ƙwaya a Gaban Direba

Rahinatu, mai tuyar ƙosai a tashar Gaya, tun da safe idonta ke kan wata dattijuwa da ba ta sani ba. Matar na zaune kan buhun shinkafa, fuska a ɗaure, ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifa ta nutse cikin nama. Motoci biyu sun cika zuwa Dosso, ta ƙi shiga. Motar wani direba, Kabo, take jira.

Da ya iso, ta miƙe da ƙyar, ta kwance bakin zane, ta ciro 'yar farar ƙwaya. Rahinatu ta gane ƙwayar, ta masu hawan jini ce, mai tatse ruwan jiki, mai sa fitsari ba ƙaƙƙautawa. Matafiya kan bari sai sun sauka su sha. Ita kuwa a gabansa ta haɗiye, ta bi da ruwa leda biyu, tana kallonsa cikin ido.

"Ka tuna ni? Wancan watan na roƙe ka ka tsaya, ka ce in riƙe."

Kabo ya sosa ƙeya. "Inna, ki yi haƙuri..."

Rahinatu ta ƙiyasta sauran a ranta: tsohuwa mai jikoki, zane jiƙe a gaban baƙi, samari na danne dariya har Dosso.

Matar ta buɗe ƙofar gaba, ta baje kan sabuwar kujerar motarsa.

"Yau ba zan roƙe ka ba, ɗana. Ko ka tsaya, ko ka wanke."